Gudun Ɗanliti a Bayan Ganuwa

Shekarar da aka raba kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin ma'aikata, tafiya a ƙasa ta zama abin kunya a Katsina. Masinjan ofis da ko keke bai taɓa mallaka ba sai ga shi a kan Basfa, ya karkace hula yana danna wa tsofaffi oda. Wanda bai samu komai ba kuwa ya gwammace ya bushe a bakin titi yana jiran a rage masa hanya, ko da inda za shi bai fi a ƙwala kira a ji ba. To a wannan shekarar ce ƙanena Ɗanliti ya ga babu abin da ya dace da shi sai gudu, da ƙafafunsa biyu, kullum safiyar Allah.

Ni ce yayarsa, Furera. Yana ɗan shekara shida uwarmu ta rasu, ni na ƙarasa rainonsa. Da mijina ya rasu na dawo gidanmu a Ƙofar Sauri, ina matsar man gyaɗa ina suyar ƙuli-ƙuli, muka zauna mu biyu, don lokacin babanmu ma ya riga mu gidan gaskiya. Wanda ya rage mana a matsayin uba shi ne ƙanen baban namu, Alhaji Babaji, muna ce masa Baffa.

Baffa da can dillalin tsofaffin buhuna ne a kasuwa. Da kuɗin mai suka ɓarke sai aka wayi gari ya zama ɗan kwangila, ya hau jirgi ya je Makka, ya dawo da haƙorin zinariya, ya sayi Fijo. Aka ba shi ginin gidajen ma'aikata a bayan gari. Cikin zumuncinsa da karamcinsa ya ɗauki ɗan wansa aiki, aikin lebura, ɗaukar kankare a kwanon sarki.

A wurin ginin nan Ɗanliti ya haɗu da ƙwaya. Ranar da za a zuba kankaren saman bene ba a tsayawa sai an gama, don in ya sha iska ya lalace. Sai heluma, wato shugaban leburorin, ya zagaya da gwangwanin madara cike da wasu 'yan ƙananan ƙwayoyi, kowa ya miƙa hannu. Wanda ya haɗiya ba ya jin yunwa, ba ya jin gajiya, ba ya jin rana. Baffa ya sha rantsuwa cewa bai san da gwangwanin nan ba. Ni dai na san ko ƙusa ɗaya ta ɓace a wurin ginin sai ya sani.

Shekara biyu Ɗanliti yana sha. Ya daina cin abinci, in na ajiye masa tuwo da safe zan ɗauke shi yadda na ajiye. Wuyansa ya yi tsawo, idanunsa suka faɗa, ya riƙa susar jiki har ya ji ciwo, magana kaɗan sai faɗa. Ya kwashe tasoshin da uwarmu ta bar mini ya sayar. Amma fa duk wannan lokacin ko mutum ɗaya bai taɓa shigowa ya ce mini sannu ba. Jarumi ake ce masa. Baffa kan zauna a zaurensa yana cika baki.

“Yaron ga aikin mutum ukku yake mani. Jininmu ne, ba mu san lalaci ba.”

Har ranar da ya yanke jiki ya faɗo daga kan katako da kwano a kansa. A asibiti likita ya ce masa in ya ci gaba zuciyarsa za ta tsaya. Ya rantse mini ya bari, Baffa kuma ya sallame shi, wai ya huta. Sau uku yana bari yana komawa. Da hantsi kwaɗayin ƙwayar yake taso masa, daidai lokacin da ya saba miƙa hannu. Zan gan shi zaune a bakin rijiya yana kaɗa ƙafa, gumi na zuba, na yi masa magana bai ji ba. Can sai ya miƙe ya fita, ni kuma na san tasha za shi, wurin mai sayarwa. Na yi zagi, na yi kuka, na kulle ƙofa, na karɓo rubutu har na gaji.

Abin da ya gagare ni, wani bijimin sa ne ya yi shi. Akwai wani Bafulatani, Lado, da rugarsu take kan hanyar Kaita. Wata safiya ya jawo sa zai kai wa mahauta, suna shigowa Ƙofar Sauri wani mai Honda ya danna oda, san ya tsinke igiya, ya watsar da teburin mai goro, ya juya ya nufi daji. Majiya ƙarfi cike da wurin, kowa na ba da shawara daga kan babur ɗinsa. Ɗanliti a lokacin yana hanyarsa ta zuwa tasha, shi ya faɗa mini da bakinsa daga baya. Bai san abin da ya sa ba, sai ya ga ya bi bayan Lado a guje.

Ya ce da farko ya saki ƙafa iya ƙarfinsa har ya wuce Lado, bai yi nisa ba ƙirjinsa ya kama wuta. Lado ya iso shi yana ɗan sassarfa, sandarsa a kafaɗa.

“Samari, ba haka ake bin sa ba. Rufe bakinka, ja iska ta hanci. Kada ka nemi kama shi, ka dai hana shi hutawa. Zai gaji.”

Sai da suka kusa Kaita san ya tsaya yana kumfa. Ɗanliti ya dawo gida bayan azahar, tafin ƙafarsa duk ya farfashe. Ya zauna ya cinye ɗumamen da na ajiye, ya ce ko akwai ƙari. Na zuba masa gyaɗa soyayya ya cinye. Ya kwanta a kan buhunan tunkuza ya yi barci har washegari, ni kuma ina ta leƙa shi in ga ko yana numfashi.

Da gari ya waye, hantsi ya fara ɗagawa, na ga ya fara kaɗa ƙafar nan. Ya miƙe. Na ce shi ke nan, tasha za shi. Amma da ya fita bai yi wajen tasha ba, ya fita ta ƙofar gari ya bi gindin ganuwa yana irin sassarfar Lado, ba sa a gabansa ba kowa a bayansa.

Haka abin ya fara. Da farko Ƙofar Durɓi yake kaiwa ya dawo. Daga baya ya kai Ƙofar Marusa. Kafin damina ta faɗi yana zagaye ganuwar Katsina kaf, ya bi ƙofofin nan ɗaya bayan ɗaya, ya ɓullo ta Ƙofar Guga ya dawo inda ya tashi. Ya sayi takalmin kambas a wurin 'yan gwanjo, ya yanke wani tsohon wandonsa a gwiwa, wai dogon yana harɗe shi. Na ce masa kamar ɗan kokawar da ya rasa abokin karawa, ya yi dariya. Rabon da in ji dariyarsa har na manta.

Wata tara bai taɓa ƙwaya ba. Ba labari aka ba ni ba, ni nake dafa abin da yake ci, ni nake wanke rigarsa. Wuyansa ya cike. Ya koma jam'i a masallacin unguwa. Shi yake kai mini gyaɗa inji, shi yake rarraba mai a gidaje. Wata rana ina suya na tambaye shi mene ne a cikin gudun nan.

“Yaya, abin bai bar ni ba hwa,” ya ce. “Kullum da sahe sai ya taso mani, nan ƙarƙashin ƙirji. In na zauna ya ci ni. Amma in na tahi da shi, muna kaiwa Ƙohwar Ƙaura sai in ji ya hwara sanyi. Kahin in kai Guga ya sake ni. Shi ke nan na samu yinin ranar.”

“To gobe hwa?”

“Gobe ma in tahi da shi.”

Ni na gamsu. Garin ne bai gamsu ba. A Katsina ta wancan lokacin babban mutum mai gemu ba ya gudu. Soja na gudu don an sa shi, ɗan makaranta na gudu don malami na riƙe da bulala. Bayan waɗannan, in ka ga namiji a guje to gobara ce, ko ya yi sata, ko kansa ya taɓu. Ɗanliti ba hayaƙi a bayansa, ba kayan kowa a hannunsa. Saura ɗaya ke nan.

Sai ga mata sun fara shigo mini jaje. Matan da shekara biyu suna ganin yaron nan yana ƙarewa a tsaye ba su ce uffan ba, yanzu su ne da salati da tafa hannu.

“Hurera, ashe abin da ya samu Ɗanliti ke nan? Ƙwayar ga ba ta barin mutum sai ta taɓa mashi ƙwaƙwalwa. Allah shi ba shi lahiya.”

In na ce lafiyarsa ƙalau, ya ma daina sha, sai su dubi juna, su ce ai haka ne, ɗan'uwa ba ya gani. Na kori biyu da muciya. Wannan ma ya zama labari, aka ce abin a jininmu yake.

Abin da ya tunzura Baffa daban ne. Wata safiya ya ɗauko wani babban ma'aikaci daga Kaduna, wanda yake neman kwangila a hannunsa, zai kai shi ganin fili. Suna fitowa Ƙofar Ƙaura sai ga Ɗanliti, gwiwoyi a waje, gumi sharkaf. Ya ga motar, ya ɗaga hannu ya ce, “Baffa, ina kwana,” ya wuce abinsa. Bai tsaya ba, bai cire takalmi ba, bai durƙusa ba. Baƙon ya tambaya wane ne, Baffa ya ce wani taɓaɓɓe ne, kowa ma Baffa yake ce masa.

Da yamma ya aiko aka kira Ɗanliti, ya wanke shi tas. Ɗanliti ya durƙusa ya ba da haƙuri, ya ce in ya tsaya a tsakiyar hanya abin kamo shi yake. Baffa ya ce wane abu. Ya ce abin da ke taso masa. Da wannan bakin nasa ya gama da kansa, don Baffa ya riƙe kalmar nan ya yi ta yawo da ita: yaron da kansa ya ce akwai abin da ke bin sa.

Ni duk wannan bai girgiza ni ba sai ranar da aka rutsa shi a Ƙofar Marusa. An sace rediyon wani mai shago, aka yi ihu, mutane suka fito suka ga mutum a guje. Wa za su tambaya? Suka rufe shi da jifa, wani ya sauke masa faskare a ka. Allah ya sa wani mai unguwa ya gane shi. Aka kawo mini shi a baro, jini ya rufe masa fuska. Ina wanke ciwon yana mini wasa, wai da ba su yi masa kwanton ɓauna ba da ba su kama shi ba. Ni ban yi dariya ba. Kwana huɗu ya yi a kwance yana juyi yana cizon matashi, rana ta biyar ya ɗaura tsumma a ka ya fita.

Baffa ya turo leburorinsa uku gida su kama shi. Ɗanliti ya haura katanga ya bar su suna haki a lungu. Daga ranar bai ƙara kwana a gida ba, ya koma rugar su Lado. Aka ce to ga shi nan, ya shiga daji yana kwana da shanu, me ya rage? Amma gudunsa bai fasa ba. Kullum da hantsi zai wuce ta Ƙofar Sauri, ni kuma in fita da mayafina in tsaya, ya ɗago mini hannu ya wuce.

Sai Baffa ya zo da kansa. Ya bar Fijo a bakin lungu, ya shigo yana tattare babbar riga kada ta taɓa mai. Na shimfiɗa masa tabarma, muka gaisa, ya tambayi sana'a, na tambayi iyali.

“Hurera, ke ce uwar yaron ga. Mi kike jira? Sai an kawo maki gawarshi?”

“Baffa, wallahi ya bar ƙwaya. Gudun ne maganinshi.”

“Ina kika taɓa jin an yi magani da gudu? Da haka ne da likita bai yi karatu ba. Iska ce ta shige shi, ƙwayar ta buɗe mata ƙohwa. Akwai malami can gaba da Kaita, aikinshi ke nan. Kwana bakwai, rubutu da addu'a, ya dawo maki mutum.”

“In an hana shi gudun zai koma, Baffa.”

“In an bar shi za a kashe shi. Wancan karon hwaskare ne. Wani karon taya za a rataya mashi. Zaɓi ɗaya.”

Fuskar nan da na wanke ta dawo mini a ido.

“Ba mai iya kamo shi,” Baffa ya ce, ya sassauta murya. “Ni bai tsaya mani ba. Amma ke in kin kira shi zai tsaya.”

Kada wani ya ce an yaudare ni. Na san lafiyar ƙanena lau, na fi kowa sani. Tsoro ne ya ci ni, da gajiya da bakin mutane, da kuma wannan kwana bakwai da na riƙe kamar gaske. Na ce a raina mako ɗaya ba zai rushe wata tara ba, in ya dawo bakin kowa ya mutu.

Ranar Talata na fita na tsaya inda na saba. An ɓoye a-kori-kura bayan wani tulin bulo, mutum huɗu a ciki. Na hango shi tafe daga wajen Guga, ya kusa gama zagayensa, kafaɗunsa a sake, ƙafafunsa na sauka a hankali kamar ba ya taɓa ƙasa. Ya ɗago hannu. Na ce, “Ɗanliti! Tsaya!”

Ya tsaya cak. Ya juyo yana haki, ya taho wurina da sauri.

“Lahiya, Yaya? Wani abu ya samu gida?”

Nan take mutanen motar suka rufe shi. Bai yi kokawa ba. Suna ɗaure masa hannu da igiyar rijiya yana kallona ta saman kafaɗar wani, kallon mai son a yi masa bayani. Ƙafar kambas ɗinsa ɗaya ta cire wajen jefa shi mota, wani ya ɗauka ya wurga masa ciki.

Kwana bakwai suka wuce, goma sha huɗu suka wuce. Na shiga motar kasuwa na tafi. Gidan ƙasa ne babba a ƙarshen ƙauyen, da dogon zaure. A tsakar gidan na tarar da maza wajen goma zaune a inuwa, kowanne da mari a ƙafa: zoben ƙarfe a kowane idon sawu, da guntun sanda na ƙarfe a tsakani, yadda taku ba ya wuce tafin hannu. Ɗanliti na can gefe ya jingina da rumbu. Da ya gan ni ya miƙe ya taho yana jan ƙafa, ƙarfen na ƙara.

Bai yi mini ƙorafi ba, da ma ya yi.

“Yaya, ki roƙar mani Malam. Ba sai ya sake ni ba. Ya ɗaura mani igiya a ƙugu, wani ya riƙe, in zagaya gonar ga ta baya. Sau goma kawai, da hantsi. Abin yana cina, Yaya. Ba inda zan kai shi.”

Na je na durƙusa gaban malamin. Na so in same shi mugu don in samu wanda zan tsana, sai na tarar da dattijo mai sanyin murya, har da sa a kawo mini fura. Ya saurare ni har na gama.

“Ɗiyata, kin ji da kunnenki ai. Wa ke roƙon gudun? Ba shi ba ne, iskar ce. Kullum da hantsi take tashi, mun lura. In na ba ta abin da take so, na ciyar da ita ke nan. Ranar da kika ji ya daina roƙo, to ta hita, sai a cire mashi.”

“Malam, to in shi ne ke roƙon hwa?”

“Mai hankali mi zai yi da gudu?”

Na ce to a ba ni shi in tafi da shi. Ya ce wanda ya kawo shi, shi zai karɓe shi, amana ce ta uba. Na dawo na sami Baffa, ya ce in bar masu sani su yi aikinsu. Na koma da Lado don ya ba da shaida. Bawan Allah ya bar shanunsa ya bi ni, ya tsuguna ya yi wa Malam bayani tiryan-tiryan, yadda sa ya tsinke, yadda shi da kansa ya koya wa yaron jan numfashi. Malam ya gyaɗa kai ya dubi almajiransa manya da ke zaune.

“Kun ji inda ya kwaso ta. A daji, bayan sa.”

Duk wata sai na je. A wata na biyu ƙarfen ya cinye fatar idon sawunsa, saboda da hantsi yakan tsaya yana taka ƙafa a wuri ɗaya, yana ɗagawa iyakar inda marin ya bari. Na cusa tsumma a ƙarƙashin zoben, na shafa man kaɗanya. A wata na uku na hagun ya rure, ya kumbura har agara, yana wari. Aka sa masa garin magani. A wata na huɗu na same shi zaune, ya ce sannu da zuwa, ya tambayi kasuwar mai. Na jira ya yi roƙon nan bai yi ba. Ni da na ƙi jinin jin roƙon, ranar na fita bayan gidan na yi kuka don ban ji shi ba.

A wata na biyar aka aiko wa Baffa. Muka je tare, karo na farko da na shiga Fijon nan. A gabanmu maƙeri ya cire marin. Malam ya sa aka buɗe ƙofar baya, ga gona shimfiɗe an gama girbi, ba shinge ba komai har iyakar gani.

“Ɗanliti, ga hili nan. Ko za ka ɗan taɓa gudun?”

Ɗanliti ya dubi filin, ya daɗe yana dubansa.

“A'a, Malam.”

Aka yi kabbara. Baffa ya share hawaye da hannun riga, hawaye na gaske, na gani da idona.

Ciwon ya warke amma agarar ta ƙage, ƙafar hagu ba ta lanƙwasuwa. Kwana uku da dawowarmu, da hantsi, na ga ya fita, na bi shi daga nesa. Ya je gindin ganuwa ya duba hagu da dama, ya gwada. Taku bai fi ashirin ba, yana yi yana dogara ƙafar kamar turmi, ya tsaya ya dafa gwiwa. Ya sake gwadawa. Sannan ya zauna a ƙasa. Da Lado ya zo gaishe shi ya kama ƙafar ya murza, ya latsa bayan dunduniyar yadda yake duba ta saniya, ya ajiye ta a hankali. Ya yi sallama ya tafi.

Ranar Juma'a Baffa ya yi sadakar godiya a gidanmu. Aka soya waina, aka yanka rago, aka shimfiɗa tabarmi har bakin lungu. Ya ɗinka wa Ɗanliti farar shadda da hula. Mutane suka yi ta zuwa barka. Ɗanliti na fitowa a hankali yana jan ƙafa, yana durƙusa wa kowa, ana cewa kai madalla, dubi natsuwa, kamar ba shi ba. Matan nan da na kora da muciya su ne a gaba wajen rabon waina. Baffa ya sanar a gaban jama'a cewa ya mai da shi bakin aiki, gobe Asabar ma akwai zubin bene. Leburorinsa duk sun zo, har da heluma, wanda na ga ya kama hannun Ɗanliti da hannu biyu ya daɗe yana yi masa barka.

Ina madafa ina kwashe sauran waina Ɗanliti ya shigo. Ya tsaya a bakin ƙofa cikin farar shaddarsa, ya buɗe tafin hannunsa. Ƙwayoyin nan ne, guda biyu. Bai ɓoye mini ba.

“Yaya, ba ni ruwa.”

“Ɗanliti, don Allah, don darajar iyayenmu. Shekara guda da wata biyu hwa ba ka taɓa ba.”

“Wata tara ne nawa,” ya ce. “Biyar ɗin nasu ne.”

“Za mu nemi wata dabara. Keke, ko wani abu. Ka ba ni kwana biyu.”

“Ruwa, Yaya.”

Randa na gefena, moɗa a kanta. Na matsa na tare ta da jikina, na ce wallahi ba da hannuna ba, wai ni nan na yi wani abin kirki. Ya ɗan jira. Daga waje ina jin Baffa yana ba wani labarin malamin, yana cewa in yana da mara lafiya ya kai shi, aikinsa kamar yankan wuƙa.

Ɗanliti ya watsa su a baki, ya tara yawu ya haɗiye. Ya gyara zaman hularsa, ya ja ƙafarsa ya koma wurin masu yi masa barka.